Ba Anti Luba ce ta koya mini ba

Da safen nan labarin ya iso mini. Anti Luba ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsugune a bakin famfo ina wanke kofunan shayi na ji Inna ta yi salati a ɗaki, irin salatin da ba sai an yi maka bayani ba. Ta fito da waya a hannu, ɗankwalinta ya zame, ta ce, "Sumayya, Anti mai gyaran baya Allah ya yi mata cikawa. Da asuba. Wai jininta ne ya hau."

Ban yi kuka ba a lokacin. Kofi ɗaya na yi ta cuɗawa har kumfar ta ƙare. Inna ta zaci ban ji ba, ta sake faɗa.

Na ji. Abin da ya fara zuwa mini a rai ne ya hana ni ɗaga kai. Zan faɗe shi ko da za ku tsane ni. Wani sanyi na ji a ƙirjina, na ce a zuciyata: shi ke nan, yanzu ba wanda ya sani sai ni.

Astagfirullah. Mutum ya mutu, abin da na fara ji ke nan.

Masu bibiyata a nan kun san ba na dogon rubutu. Hoton fure nake sawa, ko hadari idan ya haɗo. Ko comment kuka yi sai na yi kwana biyu ina tunanin amsa. Yau ku yi haƙuri da ni ku karanta har ƙarshe, don akwai hakkin matar nan a wuyana, kuma wasu a cikinku sun taya ni ɗaukarsa ba su sani ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Anti Luba a unguwar Mabera take. Ta yi shekaru tana aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, daga baya ta fita waje ta karanto gyaran ƙashin baya da hannu, wanda ake ce wa chiropractic. Mu dai a unguwa ba mai wahalar da bakinsa, Anti mai gyaran baya kawai muke cewa. Ɗaki ɗaya ta ware a gidanta, da wani siririn gado mai rami a wajen kai inda ake sa fuska. Mata kawai take dubawa da yara.

Ina SS1 aka kai ni. Ciwon kai ya hana ni sakat, wuyana kamar an ɗaure shi da waya. Na sha farasitamol har na gaji, an yanka mini gilashi, an yi mini tofi. Wata maƙwabciyarmu ce ta ce wa Inna a gwada can.

Na zaci tana ganina za ta ce in kwanta. Sai ta ce, "Cire takalmi. Tafi bakin ƙofa ki dawo."

Ni da ko a aji aka ce in tashi in goge allo sai ƙafata ta harɗe. Na tafi na dawo, ina jin idonta a bayana.

"Sake."

Sau uku. Sannan ta ɗauki silifas ɗina ta kifa su tana duba inda suka fi cinyewa. Ta ɗora yatsu biyu a bayan wuyana, ta yi shiru kamar mai sauraren wani abu.

"Rub da ciki kike karatu," ta ce. "Waya a gefen hagu, kai a karkace. Awa nawa a rana?"

Na ce biyu.

Ta yi dariya. "Ke kin ce biyu, wuyanki ya ce shida. Wa zan yarda da shi?"

Inna ta tafa hannu ta ce, "Hwaɗa mata dai, Anti! Littattafan soyayyan nan na waya, ko abinci sai an yi da gaske."

Na so ƙasa ta tsage. Amma Anti ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ba zan hana ki karatu ba. Zama zan koya maki."

Yadda ta bayyana mana aikinta har yau ina tuna shi. Ta ce ƙashin baya hanya ce, duk jijiyoyin da ke kai saƙo daga kai zuwa jiki ta nan suke bi. Idan wani wuri ya takure, saƙon ba ya wucewa yadda ya kamata, sai jiki ya fara ƙorafi, wani lokaci ma a wurin da ba nan matsalar take ba. "Ni ban warkar da kowa," in ji ta. "Hanya nike buɗewa. Jiki ya san aikinai, Allah ya riga ya koya mashi. Waraka kuma ta Allah ce."

Ba ta ba da ƙwaya ko ɗaya. Kuma ba kowa take taɓawa ba. Na sha ganin mace ta zo daga nesa, Anti ta yi mata tambayoyi, ta ce mata, "Naki na asibiti ne, je ki a yi hoto tukuna." Ko an yi magiya ba ta canzawa.

Ranar farko da ta danna mini, na ji ƙas a wuyana, na ƙwalla ƙara don tsoro, ba don zafi ba. Da na tashi zaune sai na ji kamar an sauke mini tulu daga kai. Na juya wuya dama, na juya hagu, na fashe da dariya ni kaɗai.

Akwai lokacin da Inna da ƙanwarta Inna Mairi suka je tare, dukansu ciwon ƙugu. Anti ta danna wa Inna, ita kuwa Inna Mairi ko danna ɗaya ba a yi mata ba, sai wani motsa jiki aka ba ta da umarnin ta canza katifa. Inna Mairi ta ɓata rai.

"Haba Anti, ai ciwo guda ne. Ciki guda munka hito hwa."

"Ciki guda, amma ba baya guda ba," in ji Anti. "Ita 'ya'ya shida ta goya. Ke keken ɗinki kika goya shekara ashirin. Abin da zai gyara ta ke shi zai kwantar da ke."

Har muka kai gida Inna Mairi tana mita, wai an yi mata wariya.

Wannan maganar kullum tana bakinta. Ba jiki biyu iri ɗaya. Ta ce ko tagwaye ta duba, yadda wannan ke tsayuwa daban da na wancan. Na ji ta ya fi sau ashirin. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce yarinya ce, ba ta sani ba.

Ta gane ina jin kunya tun ranar farko, sai ta riƙa jan labule ko da ba kowa a ɗakin, kuma ba ta taɓa cewa in cire hijabi ba sai da ni da kaina na saba. Don in saki jiki, sai ta ce in ba ta labarin littafin da nake karantawa.

"To Malama, ya aure ta, ko har yanzu suna cikin mota suna kallon juna?"

Ita kaɗai ce babba da ta taɓa tambayata abin da ke cikin littattafan nan ba don ta yi mini gori ba. Tana bin labarin da gaske. Idan jarumin ya yi wauta sai ta ja tsaki ta ce, "Wanga yaro bai da hankali, ta rabu da shi." Har tsokanata take yi wai Hausar littafi ta maishe ni Bakanuwa.

Wata rana na yi mata kuka. Na gano kafaɗata ta dama ta ɗan fi ta hagu tsayi, kuma ta gaya mini gaskiya cewa za ta ragu amma ba za ta daidaita gaba ɗaya ba, haka ƙirata take. Duk 'yan matan da nake karantawa dogaye ne, miƙaƙƙu, masu dogon wuya. Ba a taɓa rubuta mai karkatacciyar kafaɗa an ce wani ya tsaya da mota saboda ita ba. Haka na faɗa mata, wallahi, ina shessheƙa.

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo wani babban littafi daga durowa, ta rufe sunayen da tafin hannu ta riƙa buɗe mini. Zanen bayan mutane ne da biro, duk wanda ta taɓa dubawa sai ta zana nasa. Wani ya lanƙwasa nan, wani can.

"Nemo mani guda biyu iri ɗaya," ta ce. "Ko guda wanda ya miƙe sak irin na littafinki."

Na duba har ƙarshe ban samu ba. Ta zuba mini kunun aya mai sanyi ta ce in sha in share majina.

Wannan ita ce matar da na yi wa abin da zan faɗa.

Hafsa ƙawata ce tun JSS1, a unguwar Minanata suke. Ita ce bakina a makaranta. Idan aka tsokane ni ita ke ramawa, idan malami ya yi tambaya ita ke ɗaga hannu, ni ina gefe ina murmushi. Tana da sikila, kowa ya sani, ni na fi kowa sani, don ni ke rubuta mata note idan ciwon ya kwantar da ita.

Ta taɓa raka ni wajen Anti. Da ta ga an gama mini sai ta haye gadon tana dariya ta ce, "Anti ni ma a yi mini ƙas ɗin nan, bayana yana damuna."

Anti ta duba idonta, ta duba tafin hannunta, ta yi mata tambaya biyu. Sai ta ce, "Sauko, ɗiyata. Ke ban taɓa ki. Ƙashinki ba irin na Sumayya ba ne, ciwon nan naku yana cin shi ta ciki. Naki na likitan jini ne. Ki yawaita shan ruwa, kuma kada ki bari kowa ya murɗa ki, ko da wasa."

Ina tsaye. Da kunnena na ji.

Bayan wata biyu, wata Asabar da damina, na biya gidansu daga lesin. An yi ruwa da safe, garin da sanyi, na same ta kwance tana riƙe da ƙugu. Mamanta ta fita barka. Tana cije leɓe tana cewa, "Sumayya bayan nan zai kashe ni."

A makon ina karanta wani littafi da jarumar likita ce. Duk wanda ta taɓa sai ya warke, kowa yana kallonta. Na yi kwanaki ina ganin kaina a matsayinta. Ban san yadda zan bayyana muku ba, sai wanda ya saba zama a bayan aji ba a ganinsa zai gane. Sau ɗaya dai na so a ce ni ce na iya wani abu. Na so Hafsa ta kalle ni yadda nake kallonta.

Na ce mata, "Kwanta ta gefe in gyara miki."

Ta ce, "Ke, ba ki ji abin da Anti ta ce ba?"

Nan ne na yi ƙaryar. Ba ta kuɓuce mini ba, na tsara ta. Na ce, "Ai Anti ta samo wata dabara mai sauƙi ta masu sikila. Ita ta koya mini, ta ce idan ciwon ya tashi in yi miki."

Hafsa ta yarda, don ni ce. Ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Na lanƙwasa mata gwiwa yadda ake yi mini. Na sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, na murɗa da ƙarfina.

An ji ƙas ɗin. Amma ba irin nawa ba ne.

Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Maƙwabta suka shigo. Aka kira Mamanta, aka sa ta a mota ba ta iya miƙe ƙafa. A asibiti aka yi hoto aka ce ƙashi ɗaya a bayanta ya tsage, dama ciwon ya riga ya raunana shi. Sati biyar ta yi a kwance. Ta rasa zango guda na makaranta, ta daɗe tana sa wata rigar roba mai tauri a ƙarƙashin kaya. Alhamdulillah tana tafiya yanzu, amma ba ta iya dogon zama.

A barandar asibiti Maman Hafsa ta riƙe ni ta ce, "Sumayya, wa ya ce ki yi mata haka?"

Ga Inna, ga Baban Hafsa, ga nas tana kallo. Da na ce ba kowa, da a ranar komai ya ƙare. Da an zage ni, wataƙila a mare ni, shi ke nan.

Na sunkuyar da kai na ce, "Anti ce ta koya mini."

Washegari Anti ta zo asibitin da kanta, da kwanon farfesu a leda. Ina zaune a benci na ga shigowarta. Maman Hafsa ta tare ta a ƙofar ɗaki, ta faɗa mata maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Ta kira ta azzaluma, mai gwaji da 'ya'yan mutane. Mutane suka taru.

Anti ta bari ta gama. Sannan ta ce, "Hajiya, ban koya ma kowa ba. Ni da bakina na hana a taɓa ɗiyarki."

Sai ta juyo ta kalle ni. Ba harara ba. Jira take.

Na kalli yatsun ƙafata.

Kun san abin da ya ba ni gaskiya a ranar? Kunyata. Inna ta ce, "Sumayya ko yatsa anka sa mata a baki ba ta cizawa, ina ta ga ƙarfin halin ƙirƙiro wanga abu?" Kowa ya gyaɗa kai. Shirun da na yi shekaru ina yi shi ya tsaya mini shaida, matar da ta yi shekara talatin tana aiki aka ƙaryata ta.

Anti ta ajiye ledar a kan bencin kusa da ni ta tafi. Ba ta sake maimaita maganar a ko'ina ba. Ba ta zo gidanmu ba, ba ta kai ƙara ba, ba ta kira ni maƙaryaciya ba.

Labari kuwa ya zaga. A gidan suna na ji wata tana cewa wai yara take tarawa tana koya musu su riƙa yi mata aiki. Wata ta ce ai takardunta ma na bogi ne. A group ɗin matan unguwa aka yi ta tura voice note. Wasunku da ke karanta wannan kun tura, na gani, ban ce komai ba. Inna ta hana ni zuwa, ita ma ta daina. Da can idan ka wuce ƙofar gidan za ka ga takalman mata jere har waje. Daga baya sai ƙafa biyu, wata rana ba ko ɗaya. Na koma bin wani layin don kada in gani.

Wata tara.

Na rubuta mata saƙo ya fi goma na goge. A kaina na shirya yadda zan je in durƙusa, ta ɗago ni, mu yi kuka, komai ya wuce, kamar babin ƙarshe. Tsarawar ma daɗi take yi mini, sai in ji kamar na riga na yi. Ƙafata dai ba ta taɓa zuwa ba.

Sati uku da suka wuce na tare keke a Sama Road. Na sa kai na shiga kafin in ga wadda ke ciki. Ita ce. Ta rame, gilashinta ya yi mata yawa. Mai keke ya riga ya ja.

Na gaishe ta da muryar da ni ma ban ji ba.

"Malama mai littafi," ta ce. "Ya Inna? Ya jikin Hafsa?"

Na ce da sauƙi.

Ta kalli yadda na rataya jaka a kafaɗa ɗaya, ta miƙo hannu ta zare ta ta ɗora mini a cinya. "Kin bar motsa jikin da na ba ki. Tun daga nesa na gani."

Sai hawaye. Na ce, "Anti," na kasa ƙarasawa.

Ta yi ƙasa da murya don kada mai keke ya ji. "Nawa na yahe tun ranar. Kada wannan ya hana ki barci. Amma Hafsa tana da hakkin ta san abin da ya same ta. Kuma akwai matan da sunka bar zuwa, ba su tai asibiti ba, suna gida suna haɗiyar ƙwayoyi. Su nike tunani."

Na ce, "Zan faɗa, Anti. Wallahi bayan jarrabawa zan faɗa."

Ta ce, "Ni ba zan hwaɗa maki rana ba. Allah ya kai mu."

Ta sauka kafin ni. Har ta taka ta juyo ta ce, "Wancan yaron na mota, ya aure ta kuwa?"

Na ce ya aure ta.

"To madalla," ta ce, ta tsallaka titi.

Ranar Alhamis muka gama jarrabawa. Yau Asabar.

Da hantsi muka je gidan da Inna, bayan an fita da ita. Ɗakin aikin a rufe, 'yarta babba tana zaune a ƙofarsa ana yi mata gaisuwa. Mata sun cika tsakar gida, har da waɗanda suka yi wata tara ba su taka gidan ba. Ina zaune a ƙarshen tabarma na ji wata dattijuwa a bayana ta ce wa ta kusa da ita, a hankali, da kyakkyawar niyya, "Allah dai ya yahe mata abin ɗiyar nan ta Minanata."

Ana nema mata gafara a kan zunubina. A gidanta, ranar da aka binne ta.

A hanyar komawa na tsaya a bakin wani shago na ce, "Inna, ƙarya na yi." Na faɗa mata duka, a tsaye, babura suna wucewa.

Inna ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da ya fi mini. Ta daɗe tana kallona kamar yau ta fara ganina. Sai ta ce, "Ni kinka sa na tsaya gaban jama'a na ƙaryata ta." Ta gyara mayafi. "Ba gida za mu ba. Wuce."

Muka tafi Minanata.

Hafsa tana kishingiɗe a falo da matashi a bayanta, ta ga ni ta washe baki ta ce, "'Yar halak, yanzu nake cewa zan kira ki." Mamanta ta kawo ruwa. Inna ta ce ba ruwa ya kawo mu ba, ta nuna ni da baki.

Na durƙusa na faɗa. Muryata ta yi ƙasa, Inna ta ce in ɗaga ta yadda za a ji.

Maman Hafsa ta zauna a hannun kujera. Ta ce, "Sake hwaɗi." Na sake.

"Ba ta koya maki ba."

"Ba ta koya mini ba."

"Ba ta aiko ki ba."

"A'a, Mama."

Ta sa hannu biyu a ka. "Na zagi matar nan gaban mutane. Na bi gida gida na ɓata ta. Yau da safe anka ce mani ta rasu, na ce Allah ya jiƙan musulmi, ko tashi ban yi ba." Ta kalle ni. "Da jiya kinka zo, da na tai na kama ƙahwarta. Yanzu wa zan roƙa, Sumayya? Hwaɗa mani, wa zan roƙa?"



Hafsa ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sati biyar kina zuwa asibiti kullum kina karanta mini littafi. Ina cewa ba ni da kamar ke. Ina tsine wa matar nan a gabanki kina ji." Ta juya fuska bango. "Tashi ki tafi. Ba yau ba."

Ban sani ba ko akwai ranar. Hakkinta ne.

Na baro Maman Hafsa tana neman mayafi za ta gidan rasuwar. Inna ta bi ta. Ni aka ce in koma gida, gobe da safe zan je gaban 'ya'yan Anti in faɗa da bakina. Inna ce ta ce in rubuta a nan ma, tunda a waya aka fi yaɗa shi.

To ga shi, da sunana, ba a ɓoye ba.

Anti Luba ba ta koya mini komai ba. Ba ta aike ni ba. Ta hana a taɓa Hafsa, a gabana ta hana. Ni na ɗauki abin da aka yi wa jikina na kai jikin da ba nawa ba, na ji wa ƙawata ciwo, na ɗora wa baiwar Allah. Duk abin da kuka ji game da ita a kan wannan, daga bakina ya fito, kuma ƙarya ne.

Don Allah kada ku rubuta mini "Allah sarki" ko "kin yi jarumta". Ban yi ba. Sai da aka rufe ta na iya.

Abin da nake roƙo shi ne, duk wadda ta san ta ba wani labarin, ta koma wajen mutumin nan ta warware. Wadda ta tura voice note ta tura wannan a wurin da ta tura wancan. Iyayenmu da ba sa karatu a waya, ku karanta musu. Dattijuwar da ta zauna a bayana yau ban san sunanta ba, mai koren mayafi ce, idan kakar wani ce a cikinku ya gaya mata.

Ya Allah, ka jiƙan Anti Luba. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Duk wanda ta sauƙaƙa wa ciwo da hannunta, ka sa ya zame mata haske. Haƙurin da ta yi na wata tara ka biya ta da abin da ya fi suna a bakin mutane. Ka ba 'ya'yanta juriya. Ka ba Hafsa lafiya mai ɗorewa, ko ta yafe mini ko ba ta yafe ba.

Ku da kuka karanta har nan, idan kun yi sallar magariba ku ɗaga hannu ku ambace ta. Lubabatu sunanta. Ku roƙa mata rahama kawai, ba ta da laifin da za ku nema mata yafiya a kan Hafsa.